Babi na Shida: Wa Ke Riƙe da Linzamin Kwamfutarka?

Akwai wata tambaya da ake yawan ji a 'yan shekarun nan, ko a sakatariyar ƙaramar hukuma, ko a ɗakin malamai, ko kuwa a bencin mai gyaran waya: don me kwamfutar da take hannuna dare da rana, ni ke cajinta, ni ke goge mata ƙura, za ta hana ni saka manhajar da nake bukata, ta ce sai da izinin wani wanda ban taɓa gani ba? Wani kuma tasa tambayar ta fi wannan nauyi, domin shi so yake ya san ko shugabanninsa da ke zaune a Sakkwato ko Abuja suna iya ganin abin da ya rubuta da abin da ya ajiye. Na uku kuwa da guminsa ya sayi tasa, ya biya lakadan, amma ran da aka wanke ta aka sake zuba mata Windows, sai ga sunan wani kamfani na ƙasar waje ya bayyana yana yi masa maraba, ya kuma ƙi ba shi hanya. Tambayoyin nan uku, duk da sun sha bamban a baki, asalinsu ɗaya ne, watau shin na'urar nan tana ƙarƙashin kulawar sashen kwamfuta na wata ma'aikata, ko kuwa ba ta da wani shugaba sai wanda ke zaune a gabanta?

Dokin sarki a hannun bara

Mutanen Tambuwal, garin da ya san doki da barade tun zamanin Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu, ba sa bukatar dogon sharhi kafin su fahimci wannan al'amari. Idan sarki ya ba baransa doki, baran ne zai hau shi, shi zai yi masa ciyawa da dusa, har mutanen unguwa su riƙa cewa dokin wane. Amma fa Shamaki, wanda bargar sarki ke hannunsa, yana da ikon ya zo ya duba lafiyarsa, ya hana a kai shi inda bai dace ba, ya kuma kwance shi ya tafi da shi ran da aka bukata, ba tare da ya nemi yardar kowa ba. To, haka kwamfutar ma'aikata take, sai dai Shamakinta ba ya tako ƙafa ya zo gidanka, ta intanet yake aiko da umarninsa.

Yadda abin ke gudana shi ne, ma'aikata tana da wata babbar rajista wadda ta ƙunshi sunan kowane ma'aikaci da kowace na'ura, kuma duk kwamfutar da aka shigar cikin rajistar nan takan riƙa tuntuɓar hedikwata lokaci zuwa lokaci tana karɓo dokoki: wace manhaja za a saka, wace za a hana, minti nawa za ta yi ba a taɓa ta ba kafin ta kulle kanta, ko za a yarda a soka mata filashi. Kamfanin Microsoft ya fito da irin wannan rajista mai suna Active Directory tare da Windows 2000, kuma a wancan zamani dole sai na'ura tana cikin ginin ma'aikata, ko an haɗa ta da shi ta wata keɓantacciyar hanya, kafin umarni ya iske ta. Daga baya aka samu Intune da ire-irensa, waɗanda ke bin na'ura ta intanet duk inda ta shiga, ta yadda kwamfutar da ke Kuchi ko Dogon Daji, muddin ta samu sabis, daidai take da wadda ke kan tebur a hedikwata.

Dalilin da ya sa ma'aikatu ke yin haka

Kada mai karatu ya ɗauka mugunta ce ko rashin yarda kawai. A watan Mayu na 2017 wata muguwar manhaja mai suna WannaCry ta bazu cikin duniya tana kulle bayanan mutane tana neman kuɗin fansa, har ta tsayar da aiki a asibitoci masu yawa a Ingila, alhali kuwa tun watan Maris na shekarar Microsoft ya riga ya fitar da maganin ɓarakar da ta bi ta shiga. Waɗanda abin ya shafa galibinsu waɗanda ba a sabunta wa na'urori ba ne. Ma'aikatar da ke da kwamfuta dubu ba za ta zauna jiran kowane ma'aikaci ya tuna da sabuntawa don kansa ba. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a da aka sa wa hannu a Nijeriya cikin watan Yuni na 2023, wadda ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su, ko na majinyata ne ko na masu ajiya a banki.

Sai dai kowane tsari yana da nasa aibi, domin hannun da ke iya gyara na'ura dubu a lokaci guda yana iya ɓata su a lokaci guda. Ranar 19 ga Yuli, 2024, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya aika da wata sabuntawa mai kuskure, sai kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, bisa ƙiyasin Microsoft, suka tsaya cik, jiragen sama suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka shiga ruɗani, ba kuwa tare da ko ɗaya daga masu aiki da na'urorin ya taɓa wani abu ba.

Inda ake samun irinsu a ƙasarmu

Wanda ya bi hanyar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari ta iso Tambuwal, ko ya karkata ya nufi Kebbe, zai iske na'urori iri uku a hannun jama'a. Akwai waɗanda babu shakka a kansu, irin na bankuna da na hukumomin tarayya da na ma'aikatan manyan ƙungiyoyin duniya masu aikin lafiya. Misalin da kowa ya gani da idonsa shi ne BVAS, na'urar tantance masu zaɓe, wadda hukumar INEC ke saita kowace ɗaya domin rumfa guda. Ma'aikacin wucin gadi da ke riƙe da ita a ranar zaɓe ba shi da ikon ya sauya mata komai, kuma saboda bukatar sake saita su ne aka ɗage zaɓen gwamnoni na 2023 daga 11 ga Maris zuwa 18 ga wata. Haka nan kwamfutocin cibiyoyin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ɗalibi ba ya ganin komai a kansu sai abin da aka ba shi dama.

Iri na biyu su ne waɗanda ma'aikata ta saya ta raba, ta rubuta musu lamba da fenti, amma ba ta shigar da su cikin kowace rajista ba. Waɗannan mallakar hukuma ne, sai dai babu mai juya su daga nesa. Iri na uku, wanda ya fi yawa kuma ya fi ruɗarwa, su ne kwamfutocin hannu da ake sarowa daga Computer Village ta Ikeja ko daga kasuwannin Kano, irin su HP EliteBook da Dell Latitude da Lenovo ThinkPad, waɗanda galibi kamfanonin Turai da Amurka ne suka yi aiki da su shekara uku ko huɗu sa'an nan suka sayar. Mafi yawansu an sallame su yadda ya kamata, amma akan samu waɗanda aka manta ba a soke sunansu daga rajistar tsohon ubangidansu ba.

Mataki na farko: zato

Malaman fiƙihu sun rarrabe tsakanin zato da rinjayen zato da yaƙini, kuma wannan tsari ya dace da bincikenmu ƙwarai. Abin da ido ke gani a waje zato kawai yake bayarwa. Ka juya kwamfutar ka duba ƙasanta: ko akwai wata 'yar takarda mai lamba da sunan ma'aikata, ko gurbin da aka ɓamɓare ta ya bar danƙo? Ka kunna ta ka lura: ko akwai wani gargaɗi da ke fitowa kafin a shiga, mai cewa na'urar ta wata hukuma ce? Ko sunan da kake shiga da shi adireshin imel ne na wurin aiki? Ko hoton bangon allo tambarin ma'aikata ne wanda ya ƙi sauyuwa? Duk waɗannan alamu ne, amma ba a yanke hukunci da su, domin takarda tana iya zama bayan an sallami na'ura, kamar yadda na'ura ke iya zama a ɗaure ba tare da ko takarda ɗaya a jikinta ba.

Mataki na biyu: a tambayi kwamfutar da kanta

A Windows 10 da 11, sai ka buɗe Settings, ka shiga Accounts, ka nemi wurin da aka rubuta Access work or school. Idan ka iske wurin fayau, babu komai sai maɓallin haɗawa, to, zato ya rinjaya cewa babu mai kula da ita. Idan kuwa ka ga sunan wata ma'aikata tare da bayanin cewa an haɗa na'urar da ita, ka danna sunan. In maɓallin Info ya fito, a ƙarƙashinsa za ka ga jerin abubuwan da ma'aikatar ke sarrafawa da lokacin da kwamfutar ta yi magana da hedikwata na ƙarshe.

Hanya ta biyu ita ce ka danne maɓallin Windows tare da harafin R, ka rubuta sysdm.cpl a ɗan akwatin da ya fito. Allon da zai buɗe yana nuna sunan kwamfutar, a ƙasansa kuma ɗayan kalmomi biyu: in Workgroup ne, ba ta cikin tsohuwar rajistar nan ta cikin gida, in Domain ne tare da sunan wata ma'aikata, to tana ciki. Sa'an nan ka leƙa jerin manhajoji, domin samun Company Portal ko Software Center alama ce mai ƙarfi, tun da yake ta cikinsu ne ma'aikatu ke raba wa ma'aikatansu manhajojin da suka halatta.

Mataki na uku: yaƙini

Wanda ke son ya kore shubuha baki ɗaya sai ya buɗe baƙin allon nan da ake kira Command Prompt, ya rubuta dsregcmd /status, ya danna Enter. Rubutu mai yawa zai zubo, amma layi biyu daga cikin na can sama su ne abin nema, watau AzureAdJoined da DomainJoined. Idan ɗayansu ya nuna YES, na'urar tana cikin rajistar wata ma'aikata, kuma sau da yawa sunan ma'aikatar yana nan a rubuce 'yan layuka kaɗan a ƙasa. Idan duka biyun NO ne, a halin da take ciki ba a haɗa ta da rajistar ba. Wannan umarni karantawa kawai yake yi, ba ya sauya komai, saboda haka babu abin tsoro a cikinsa.

Masu Mac su shiga System Settings su nemi Device Management, ko Profiles a tsofaffin tsari. Abin da aka lissafa a can shi ne dokokin da aka ɗora wa na'urar. A iPhone da iPad da ke hannun ma'aikata, akan ga bayanin haka a can saman Settings. A wayoyin Android kuwa, 'yar jaka da ke manne a jikin wasu manhajoji tana nuna cewa an keɓe wa aiki wani ɓangare na wayar. Bayan duk wannan, shaidar da ta fi kowace ita ce ta mutum: ka kwafi lambar jikin na'urar ka kai wa sashen kwamfuta na wurin aikinka, su duba littafinsu su faɗa maka. Matambayi ba ya ɓata.

Alamun da ke yaudara

A nan ne mutane da yawa ke yin gaggawar hukunci. Wani zai ga Chrome ya rubuta masa cewa wata ƙungiya ce ke sarrafa shi, ko Windows ta ce wasu saituttuka suna hannun ma'aikata, sai hankalinsa ya tashi, alhali kuwa manhajar rigakafi da ya saka da hannunsa tana iya jawo wannan rubutu, haka ma 'yan dabarun da masu gyara ke yi don hana Windows cinye data da sabuntawa, haka kuma wata muguwar manhaja da ta shigo a ɓoye. Wanda ya rubuta chrome://policy a wurin adireshi zai ga ainihin dokokin da aka sa, daga nan ya gane ko na ma'aikata ne ko na wani ɓarawo.

Akwai kuma ɗalibi ko ma'aikacin da ya shigar da imel ɗin makaranta ko na ofis cikin Word ko Teams a kan kwamfutarsa ta kansa, aka tambaye shi ko ya yarda ma'aikata ta kula da na'urar, ya danna amincewa ba tare da ya karanta ba. Irin wannan zai ga sunan ma'aikatar a Settings, kuma a baƙin allo layin WorkplaceJoined ne zai nuna YES. Na'urarsa ce har yanzu, kuma yana iya cire haɗin da kansa. A ƙarshe, kalmar sirrin da mai shagon buga takardu ya sa wa kwamfutocinsa don kada yara su yi masa ɓarna ba ita ce kulawar da muke magana a kai ba, domin ikonsa bai wuce ƙofar shagonsa ba.

Kafin ka miƙa kuɗi

Mu ɗauki misalin malamin makaranta daga Kebbe wanda ya tara albashinsa ya sayi kwamfuta ta hannu, fes da ita, a kan farashin da ya yi masa daɗi. Wanda ya sayar masa ya zuba mata Windows ba tare da ya haɗa ta da intanet ba, saboda haka ta buɗe lafiya, ya yi wata da watanni yana buga jarrabawa da sakamakon ɗalibai. Ran da ta fara nauyi ya kawo ta Tambuwal a wanke, yaron shago ya sake zuba Windows, ya kunna mata intanet daga wayarsa, sai allo ya kawo tambarin wani kamfani yana neman imel na ma'aikacinsa. Yaron ya sake wankewa, abin ya sake dawowa, ya ɗago kai ya ce, "Allah gafarta Malam, wagga na'ura tana da mai ita." Malam ya ce, "Kai yaro, ga rasiɗina a aljihu." Duka biyun gaskiya suka faɗa, domin ɗaurin ba a cikin faifan ajiya yake ba balle wanki ya fitar da shi, shaidar jikin na'urar ce ke rubuce a rajistar Microsoft da sunan wancan kamfani, cikin tsarin da ake kira Autopilot, kuma babu mai soke ta cikin sauƙi sai kamfanin da ya rubuta ta. Apple yana da irin wannan tsari, haka ma Chromebook na makarantu.

Saboda haka mai saye ya shimfiɗa sharuɗɗa uku tun ciniki bai faɗa ba. Na ɗaya, a mayar da na'urar sabuwa a gabansa, a kuma haɗa ta da intanet tun daga allon farko har a kai ƙarshe. Na biyu, a shiga BIOS, watau saitin da ake buɗewa kafin Windows ta tashi, a gabansa, don ya tabbata babu kalmar sirri a kai, kuma ba a kunna Absolute ba, wanda a da ake kira Computrace, manhajar bin sawu da ke dawowa ko an sauya faifai. Na uku, a rubuta lambar jikin na'urar a kan rasiɗi tare da alkawarin mayarwa in aibi ya bayyana, wanda dama haƙƙi ne da shari'a ta ba mai saye. Ya kuma tuna cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba, 2025, don haka ya tambaya ko na'urar tana ɗaukar Windows 11. Araha ba ta ado.

Idan ta tabbata tana da mai kula

To, in bincike ya nuna kwamfutar ofis ce kuma tana ƙarƙashin kulawa, hukuncinta hukuncin amana ne: an ba ka amfaninta, ba a ba ka mallakarta ba. Ka ƙaddara cewa masu kula suna iya sanin manhajojin da ke ciki, su saka, su cire, su kulle ta, ko su share ta ƙaf daga nesa ran da ta ɓace ko ran da ka bar aiki. Wasu ma'aikatun kuma suna ƙara kayan da ke nuna shafukan da aka ziyarta. A wayarka ta kanka wadda aka keɓe wa aiki ɓangare guda, ikonsu ya tsaya ga wannan ɓangare, ba ya kaiwa ga hotunanka da saƙonninka. Hankali dai shi ne kada ka ajiye hotunan iyali, ko takardun gado da na gona, ko lambobin asusunka a kan na'urar da wani ke iya sharewa ba da saninka ba, gama kayan aro ba ya rufe katara.

Kada kuma ka kai ta kasuwa a yi mata dabara don a kwance ɗaurin. Ban da cewa hakan cin amana ne, kuma yana iya jefa mutum cikin abin da dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta hana, akwai hasara ta zahiri: galibin irin waɗannan na'urori an kulle faifansu da BitLocker, kuma da zarar an taɓa wasu sassan cikinsu sai shuɗin allo ya fito yana neman mabuɗi mai lamba 48, wanda galibi yake hannun sashen kwamfuta na ma'aikata. In kana bukatar wata manhaja domin aiki, ka rubuta ka nema. In ta lalace, su za ka fara kira.

Wanda kuwa bincikensa ya nuna babu kowa a bayan na'urarsa, ya sani cewa 'yancin nan yana tafe da nauyi, domin duk aikin da sashe guda ke yi wa ma'aikata, na sabuntawa da rigakafi da ajiye kwafin bayanai, yanzu a wuyansa yake shi kaɗai, ga tsadar data ga ƙarancin wuta. Yadda mutum zai ɗauki wannan nauyi da ɗan abin da ke hannunsa, tun daga zaɓen kalmar sirri har zuwa ajiyar da ba ta salwanta ko da kwamfuta ta mutu, shi ne abin da za mu duba a babi na gaba, in Allah ya yarda.